Piriton Ba Maganin Barci Ba Ne: Mu Daina Sayo wa Tsofaffinmu Ruɗewa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa, musamman wanda Allah Ya bar masa uwa ko uba ko kaka a raye.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, tun daga nan Jiga Makera har Aliero, Jega da Maiyama, kuma babu mai kallonta a matsayin laifi. Tsoho ya ce bai samu barci ba, sai a aiki yaro kemis ya karɓo Piriton. Tsohuwa ta ce jikinta na ƙaiƙayi, Piriton. Hunturu ya shigo da ƙura, ana sussukar gero, hanci ya toshe, ana ta atishawa, Piriton. Abin da aka fara don kwana biyu sai ya kai wata, wata ya kai shekara, har ya zama 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa ta samu gurbi bayan sallar Isha'i kamar wani wuridi. Ranar da tsohon ya fara kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu tun da daɗewa, ko ya tsaya cikin sallah bai san raka'a nawa ya yi ba, sai mu girgiza kai mu ce, "Tsufa ne, Allah Ya sa mu gama lafiya." Wasu su ce iska ce. Wasu su ce sammu ne, a shiga neman kishiya ko maƙwabcin da za a ɗora wa.

Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, kafin mu ɗora wa tsufa ko aljani, mu fara zazzage ledar maganin da ke ƙarƙashin matashin kansa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba likita ba, don haka abin da zan kawo a nan a rubuce yake, kowa na iya kai wa likita ko masanin magunguna ya tantance.

Sinadarin da ke cikin Piriton sunansa kilofeniramin. Tsohon magani ne, tun shekarun 1940 aka samar da shi, kuma an yi shi ne don borin jini, atishawa da ƙaiƙayi. Barcin da yake sawa ba shi ne aikinsa ba, illarsa ce. Dalilin barcin kuwa shi ne maganin yana tsallakawa daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa. Da ya shiga, ban da kasalar da yake saukarwa, yana tare hanyar wani sinadari da ake kira asetilkolin. Shi wannan sinadari kamar ɗan aike yake tsakanin jijiyoyi. Da shi ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu da mayar da hankali, da shi mafitsara ke matsewa ta fitar da fitsari, da shi hanji ke motsi, da shi baki ke kawo miyau. Masu cutar mantuwa ta Alzheimer wannan sinadarin ne yake ƙaranci a ƙwaƙwalwarsu, shi ya sa maganin da likitoci suka fi ba su, donefezil, aikinsa ya ƙara yawansa. To ku duba lamarin: likita na fafutukar ƙara shi, mu kuma muna sayen abin da ke toshe shi muna miƙa wa tsoho da kofin ruwa.

Matashi ɗan shekara 25 zai sha ya yi barci ya tashi ya hau babur ɗinsa. Jikin ɗan shekara 70 daban ne. Hanta da ƙoda sun rage sauri, maganin yana daɗewa bai fita ba, kuma dama asetilkolin ɗin ya ragu da shekaru. Ko a jikin mai ƙarfi, kilofeniramin kan ɗauki wajen yini guda kafin rabinsa ya fita daga jini. Wanda yake sha kowane dare ke nan na jiya bai gama fita ba na yau ya tarar da shi. Shi ya sa a Ingila takardar da ke cikin kwalin Piriton ta rage wa tsofaffi: babba kada ya wuce ƙwaya 6 a yini, tsoho kada ya wuce 3. Mu a nan wa ya taɓa ganin takardar? Sashe ake yanko mana da almakashi, ko a ƙirgo a ƙulle a farar leda.

Kuma ba Piriton kaɗai ba ne. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip akwai kilofeniramin a cikinsu. Phenergan da ake bayarwa don amai ɗan gidansu ne, sunan sinadarinsa furometazin. Magungunan tari na ruwa da yawa suna ɗauke da difenhaidiramin, shi ma ɗan dangi ne. Na buɗe ciki da ake saya wa tsohuwa don "ta riƙa cin abinci", galibinsu saifuroheftadin ne, shi ma haka. Sai ka tarar da mutum ɗaya yana shan uku daga cikinsu a dare guda, da sunaye daban, kwali daban, amma duka sanda ɗaya ce ke dukan wuri ɗaya. In an yi rashin sa'a kuma yana kan amitiriftilin don ciwon jijiya, ko maganin yawan fitsari irin oksibutinin, sai kaya su haɗu a kan jaki guda.

Yanzu mu zo ga maganar mantuwa, don a nan ne masu tura saƙon WhatsApp ke wuce gona da iri, masu kare kemis kuma su yi ƙasa da gaskiya.

A watan Janairun 2015, wasu masana a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka, ƙarƙashin Shelly Gray, sun wallafa wani bincike. Sun bi mutum 3,434, duka 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda babu mai cutar mantuwa a cikinsu lokacin da aka fara. Bayan kimanin shekara 7, mutum 797 sun kamu. Da aka duba tarihin magungunansu, sai aka ga waɗanda suka fi shan irin waɗannan magunguna masu toshe asetilkolin, kwatankwacin shan su kullum fiye da shekara 3, haɗarin kamuwarsu ya ɗara na waɗanda ba su sha ba da kashi 54 cikin 100. Cikin misalan da masu binciken suka bayar har da kilofeniramin miligiram 4 a kullum. Miligiram 4 kuwa shi ne ƙwayar Piriton guda ɗaya tak.

A fahimce ni. Ba ana nufin mutum 54 cikin kowane 100 za su kamu ba. Ana nufin in haɗarin wani ya kai mudu biyu, na mai shan ya kai wajen mudu uku.

A 2019 kuma Jami'ar Nottingham a Ingila ta fitar da wani binciken da ya fi wancan girma: masu cutar mantuwa 58,769 aka gwada da mutum 225,574 da ba su da ita. Su ma sun ga ƙarin haɗari na kusan kashi 50 cikin 100 ga waɗanda suka daɗe suna shan magunguna masu ƙarfi na wannan dangi, amma alaƙar ta fito ne a kan magungunan ciwon damuwa, na mafitsara, na farfaɗiya, na taɓin hankali da na cutar karkarwar jiki. A kan magungunan borin jini ba ta fito ba. Na kawo wannan ne don kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce na ɓoye. Sai dai a lura, binciken na Ingila ya dogara ne da abin da likita ya rubuta a takarda, bai ƙirga wanda mutum ya saya da kansa a kanti ba. Mu kuwa duk cinikinmu na kanti ne.

Saboda haka wanda ya ce maka ƙwaya ɗaya ta Piriton na haukata mutum, ƙarya yake. Wanda ya ce an tabbatar ɗari bisa ɗari shi ke haddasa cutar mantuwa, ya ƙara gishiri, alaƙa aka gani. Amma wanda ya ce maka babu komai, ka ci gaba da ba Inna kowane dare, wannan ya fi su duka cutar da kai. In aka ce maka wata rijiya ana zargin ruwanta, ga kuma wata mai kyau a gefenta, wace za ka ɗebo wa mahaifiyarka?

Kuma ko an ajiye maganar mantuwa ta dindindin gefe, akwai illolin da babu likitan da ke jayayya a kansu, kuma ba sa jiran shekara 3. Tun a 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ke sabunta jerin, ta kuma sabunta shi a 2023. Kilofeniramin, furometazin, difenhaidiramin da saifuroheftadin duk suna ciki. Dalilan su ne: ruɗewa ta farat ɗaya, inda tsoho zai kwana lafiya ya tashi bai gane ɗakinsa ba, jiri da faɗuwa, bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani, har da tayar da wani nau'in hawan jinin ido, da riƙewar fitsari ga dattijan da dama fitsarin ke fita da ƙyar.

Ku ɗauki faɗuwa kaɗai. Tsohonmu ba ya kwana har hantsi. Kafin kiran assalatu ya tashi, cikin duhu, da buta a hannu, zai nufi bayi, ga santsi, ga maganin da ya sha ƙarfe tara bai sake shi ba. Aliero ta yi suna wajen ɗori, daga nesa ake kawo masu karaya, Allah Ya saka wa masu wannan sana'a. Amma kowa ya san karayar ƙugu a jikin ɗan shekara 75 ba irin karayar hannun yaro ba ce. Da yawa daga wannan kwanciyar ba sa sake tashi. Sai a ce ajali, kuma ajalin ne, amma ba a taɓa tambayar me ya sha daren ba.

Wani abin takaicin ma, barcin da ake nema ba ya ɗorewa. Cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina aiki, sai a koma biyu. Barcin ya tafi, illar ta zauna.

To laifin wa?

Na farko namu ne, mu 'ya'ya, musamman mu da muka yi boko muke aiki a Birnin Kebbi, Sakkwato ko Abuja. An kira ka a waya, "Baba bai kwana ba jiya." Ka ce, "A je kemis a karɓo mishi wani abu, zan turo kuɗi." Ka tura, hankalinka ya kwanta, ka sauke nauyi. Ba ka tambayi me ya hana shi barcin ba. Ciwon gwiwa ne? Fitsari ne ke tada shi sau biyar? Goro da shayin dare ne? Tunanin abokan zamansa da suka tafi suka bar shi ne? Wani lokacin ma, mu faɗi gaskiya, ba don shi ake ba shi maganin ba. Don mutanen gida su huta da kiransa da tarinsa da surutunsa ne. Wannan ba jinya ba ce, rufe baki ne. Waɗannan mutane sun kwana zaune a kanmu muna tsala kuka.

Na biyu masu kemis. Na san da yawansu mutanen kirki ne, kuma a ƙauyen da asibiti ke nesa su ne gatan talaka, har bashi suna bayarwa. Amma lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wato PCN, ke ba mai ƙaramin kantin magani na sayar da magungunan da aka yarje masa ne cikin kwalinsu na asali. Bai ba shi damar duba mara lafiya ba, bai ba shi damar yin "haɗi" ba. Amma je ka tsaya bakin kanti da magariba ka ji. Yaro ya zo: "Wai Kaka ta ce a ba ta na kwana." Yaron kanti, wanda shi ma bai fi shekara 17 ba, ya ɓallo wannan ya ɓallo wancan ya ƙulle. Babu tambayar shekarunta, babu tambayar me take sha, babu tambayar tun yaushe. Malam mai kemis, tambaya uku ce fa, ba ta cin minti ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda mu ne ke zuwa da buƙatar, amma kai ne ka san abin da ke cikin kwalin.

Na uku hukuma. A watan Mayun 2018, bayan BBC ta fitar da rahotonta kan yadda matasa ke ɗirkar maganin tari, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki. Abu ya yi kyau. Wannan ya nuna in an ga dama ana iyawa. Amma da yake tsoho ba ya tare hanya, ba ya fasa shago, ba ya fitowa a bidiyo, babu mai kula da abin da yake haɗiya. Ni ban ce a hana sayar da Piriton ba, yana da amfaninsa. Cewa na yi a yi magana. Muna da Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Jega da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocinmu. Muna da jami'a a Aliero. Muna da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha, da ƙungiyar masu kemis da ke taro a kai a kai, da gidajen rediyo. Me zai hana a tara masu kemis na ƙananan hukumomin nan uku yini ɗaya a koya musu magungunan da ba a ba tsoho? Me zai hana a buga takarda guda da Hausa da ajami a manna a kowane kanti? An yi wa allurar shan inna shela gida gida, wannan ma bai fi ƙarfinmu ba.

Na san abin da wasu za su rubuto. "Kakata ta shekara 20 tana sha, har ta rasu da hankalinta." Allah Ya jiƙanta. Akwai wanda ya shekara 40 yana shan taba bai yi ciwon huhu ba, wannan bai wanke taba ba. Wani zai ce, "Ciwon Turawa ne, mu ba mu da shi." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne. A nan Arewa, binciken da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa a 2011 kan tsofaffin Zariya ya samu kusan mutum 3 cikin kowane 100. Muna da shi, suna kawai muka sauya masa, muka ce gigin tsufa. Wani kuma zai ce, "Komai ƙaddara ce." Haka ne. Amma da wannan imanin muke ɗaure akuya da dare, muke sa wa albasa magani.

Kuma ku tuna wa abin ke faɗa wa. Bature in ya ruɗe akwai gidan jinya. Mu a nan 'yarsa ce ko matar ɗansa za ta bar komai ta zauna wanki da gadi, kada ya fita ya ɓace. In abin ya yi tsanani sai Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, ga kuɗin mota ga na magani. Ban da wannan, kan tsoho shi ne ofishin ajiyar takardunmu. Shi ya san iyakar gona, shi ya san wa ake bi bashi, wa ya ba da jingina, wa ya sha nonon wa. Rigimar gado nawa ce ta tashi saboda mai shaidar yana raye amma ba a iya kafa hujja da maganarsa?

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

A wannan makon, kowa ya tattara duk maganin da tsohonsa ke sha, na asibiti da na kemis da na ruwa, ya zuba a leda ɗaya ya kai wa likita ko masanin magunguna a babban asibitin da ya fi kusa da shi, Aliero, Jega ko Maiyama. Ka ce, "Ga shekarunsa, ga abin da yake sha, wanne ya kamata a cire?" Kada ka yanke masa da kanka wanda likita ya rubuta, irin amitiriftilin, don tsayar da shi farat ɗaya na da tasa matsalar.

In atishawa ce ko borin jini, akwai sababbin magunguna irin loratadin da setirizin waɗanda ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai kamar na da, kuma ana samun su a kantunanmu. A tambaya kafin a saya, musamman mai ciwon ƙoda. In ƙaiƙayin hunturu ne, sau da yawa bushewar fata ce: a rage ruwa mai zafi sosai da sabulu mai kaifi, a shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka. Ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya kuwa a je a auna, yana iya zama ƙoda, hanta ko suga. In rashin barci ne, a nemi sanadinsa: a janye goro da shayi daga la'asar, a rage dogon barcin rana, a yi maganin ciwon da ke damunsa, a zauna a yi hira da shi.

In kuwa tsoho ya ruɗe farat ɗaya, jiya lafiya yau ba ya gane mutane, kada a tsaya cewa tsufa ne. Tsufa ba ya zuwa dare ɗaya. Zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar suga, shanyewar ɓarin jiki ko magani, kowanne na iya kawo haka, kuma da yawansu suna warkewa in an yi sauri. A yi addu'a, a kuma sa shi a mota.

Malamanmu limamai, ku taimaka da minti biyu cikin huɗuba, don maganarku ta fi tawa isa cikin gidaje. Masu kemis da ke cikin abokaina a nan, ban yi don in ɓata sana'arku ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Likitoci da ma'aikatan lafiya, filin sharhi naku ne, ku ƙara wa jama'a haske.

Kullum muna roƙon Allah Ya sa iyayenmu su cika da kalmar shahada, suna sane da abin da suke faɗa. To mu daina yi wa wannan addu'ar zagon ƙasa da hannunmu.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya da tsufa mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa da ke aika yaro kemis da dare.